Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa Kan Lafiyar Naƙasassun Karaduwa

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Bayan addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ka ɗauka tun ranar 29 ga Mayun 2023, ina rubuto maka daga Funtuwa a kan wasu talakawanka da ba kasafai ake tunawa da su ba sai azumi ya kama ko zaɓe ya ƙarato. Ina nufin guragu da makafi da kurame da kutare da masu shanyewar ɓarin jiki na ƙananan hukumomi 11 na Karaduwa, tun daga Sabuwa da Ɗandume har Musawa da Matazu.

Ranka ya daɗe, yawancin waɗannan bayin Allah ba shan innar da ta taɓa su suna goye ce ke kai su kabari da wuri ba, haka ma makanta ba ta kisa. Abin da ke kwashe su shi ne hawan jini, da ciwon suga, da ciwon ƙoda, da gyambon zama wuri ɗaya, da ƙwayoyin da ake haɗiya don a danne zogi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2022 ya ce mutum biliyan 1.3 ne ke ɗauke da naƙasa mai tsanani, wato kusan 1 cikin kowane mutum 6, kuma wasunsu kan riga sauran jama'a mutuwa da shekara har 20. Ya ce haɗarin kamuwarsu da suga, shanyewar ɓarin jiki, asma, ƙiba da ciwon damuwa ya ninka na kowa. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da gurgu ke shiga bas da kekensa ba tare da an ciccinɓe shi ba. Sai ka auna yadda abin zai kasance a ƙauyen da ke bayan Ƙafur, inda hanyar asibiti kan yanke da zarar ruwan Agusta ya sauka.

Iri biyu nake gani a cikinsu, kuma kowanne da hanyar da jikinsa ke lalacewa.

Akwai waɗanda aka killace. Yarinyar da aka haifa gaɓoɓinta a shanye, tana ƙuryar ɗaki a kan tabarma, maƙwabta ma sun manta da ita. Iyayenta ba mugunta suke yi ba. Tausayi ne ya haɗu da kunya, sai kullum ka ji ana cewa a bar ta ta huta, ai ba ta iyawa. To amma gaɓar da ba a miƙewa ƙandarewa take yi, har ta kai ko an so a miƙe ta ba ta miƙuwa. Fatar da ta daɗe a danne, musamman a ƙugu da mazaunai da dunduniya, jini kan daina isa gare ta, ta mutu, ta buɗe ta zama gyambo mai zurfi, kuma ta nan ne cuta ke shiga jini. Ciki ya ɗaure, ƙirji ya tara majina, ƙashi ya yi laushi. Haka dattijon da hawan jini ya kayar a gona: an dawo da shi daga asibiti, an shimfiɗe shi, ana ta hayaƙi da shafe-shafe, ana hana shi ko yunƙurin ɗaukar kofi da kansa don ladabi. Alhali likitoci sun tabbatar cewa watanni 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo, a nan ne hannu da ƙafa suka fi saurin dawowa idan ana motsa su kullum. Wata shida ɗin kan ƙare a kwance. Bayan nan a ce ai ƙaddara ce. Faɗuwar kam ƙaddara ce, amma kwanciyar da ta biyo baya da hannunmu a ciki.

Iri na biyu su ne waɗanda ke kan titi daga hantsi har isha'i. Duk wanda ya tsaya a bakin tasha a Funtuwa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta nufi Gusau da Sakkwato, ya san su: mai rarrafe da silifas a tafin hannu, mai allo da tayoyi, mai keken hannu da sarƙa, suna kutsawa tsakanin tireloli, hancinsu daidai da bakin salansa. Mutane kan dube su su ce ai wannan ya fi kowa motsa jiki, dubi damtsensa. Wannan kuskure ne babba. Wahala daban, motsa jiki daban. Kafaɗa ba a halicce ta don ta yi aikin ƙugu ba, idan ta shekara talatin tana ɗaukar gangar jiki sai ta cinye, wuyan hannu ya riƙa tsami da dare, yatsu su yi sanyi. Ga kuma abin da likitoci suka daɗe da sani game da shan inna: bayan shekara 15 zuwa 40 da kamuwa, wani sabon rauni da kasala da ciwon gaɓoɓi kan dawo wa da yawa daga cikinsu, saboda 'yan jijiyoyin da suka tsira sun gaji da ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Mai irin wannan lalura yana buƙatar motsi a kan ma'auni, da hutu a tsakani, da wanda zai nuna masa iyakarsa. Ba shi da ko ɗaya.

Mun yi murna a ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, shekara huɗu bayan an ga ta ƙarshe a Borno. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. A 2006 kaɗai yara sama da 1,000 ta shanye a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma yanzu samari ne da 'yan mata. Waɗanda ta kama a shekarun 1970 da 1980 sun fara furfura. Kuɗin da aka kashe wajen ɗiga magani a bakin yara ba su da iyaka, kuma an kashe su a inda ya dace. Sai dai da aka naɗe tabarmar bikin, ba a waiwayi waɗanda maganin bai tarar ba. Kan wannan kuma ga sababbin shiga: manomin da harsashin 'yan bindiga ya raba da ƙafarsa a Faskari ko Ƙanƙara, ɗan acaɓar da ya karya ƙashin baya, yaron da injin casar masara ya cinye wa hannu, wanda kububuwa ta sara aka ɗaure ƙafar tamau har ta ruɓe.

Yanzu sai maganar ƙwaya, wadda ba a son yi a bainar jama'a domin ana ganin kamar cin fuska ne ga mai lalura. Mutumin da kafaɗarsa ke ci masa wuta, kuma gobe dole ya fita ko yaransa su kwana da yunwa, wurin mai kemis zai nufa ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A ƙulle masa kala huɗu ko biyar a leda, galibi da diclofenac ko ibuprofen a ciki, ya kora da ruwa cikinsa babu komai. Waɗannan magunguna idan aka daɗe a kansu suna huda ciki, suna kashe ƙoda, suna ƙara hawan jini. Idan suka daina ji sai a haura zuwa tramol, daga nan kuma mutum ya zama ba ya iya tashi sai da ita. Binciken ƙasa kan shaye-shaye da aka gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka taɓa kayan maye a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC ya tona asirin cinikinsa. Na ga ana kamen matasa, na ga ana ƙona kaya a gaban 'yan jarida. Amma gurgun da ya faɗa tramol ta ƙofar ciwo ya shiga, kuma idan ba a kashe masa ciwon ta hanyar da ta dace ba, ko sau nawa aka kama shi zai koma.

Wani abin da ko a asibiti ba a tambaya shi ne ruwan sha. Mai keken guragu ko mai rarrafe da zai wuni a kasuwar Bakori ko ta Ɗandume ya san babu ban-ɗakin da zai iya shiga, in ma akwai, da tafin hannunsa zai taka ƙasansa. Saboda haka sai ya ƙi shan ruwa tun safe, ya riƙe fitsari har dare, a zafin Maris da Afrilu. Mata sun fi shan wannan azaba. Ƙarshenta ciwon mara, tsakuwar ƙoda, da cutar mafitsara mai dawowa kullum. Mai bara kuma ba ya zaɓen abinci, abin da aka miƙo shi zai ci, kuma ɗan kuɗin da ya samu kan tafi a taliyar leda da lemon kwalba da miyar da aka cika wa ɗunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin ɗunƙule. Taba kuwa, dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, amma babu mai tiredar da ya san da zancen.

To wa ya taɓa gaya musu duk wannan? Faɗakarwarmu ta lafiya rediyo ce da lasifika a kan mota, kurma bai ji ko ɗaya ba. Sauran kuma takarda ce manne a bangon asibiti, makaho bai gani ba, wanda ke ƙuryar ɗaki bai je ba. Saurayi kurma da abokai suka miƙa wa sholisho ko wiwi bai taɓa samun wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani da hannu ba. Budurwa kurma da ta je asibiti da matsalar da ba a faɗa a gaban kowa, ƙanenta ne tafinta, don haka sai ta ce kanta ke ciwo a ba ta farasitamol ta koma gida. Makaho yana shan magani bisa siffar kwalba da ƙamshi, bai san ranar lalacewarsa ta wuce ba. Muna zargin mutane da sakaci da lafiyarsu a kan ilimin da ba mu taɓa kai musu ba.

Kada kuma a ɗauka duk mabarata ne. Wannan ƙasar noma ce, ta masara da auduga da dawa da waken suya, da tumatir da raken Ɗanja, kuma naƙasassu da yawa suna cikin aikin dumu-dumu: suna shuka a zaune, suna ɓarzar masara, suna tsintar auduga, suna kiwon awaki da kaji. Wannan aikin shi ne lafiyarsu da mutuncinsu, kuma ya kamata a ƙarfafa shi. Sai dai yana da nasa haɗari. Wanda ke aiki a zaune, fuskarsa a daidai tsayin da feshi ke sauka take, kuma shi ne ke jan jiki a kan ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa da safe. Wanda kuturta ta kashe wa ji a hannu da ƙafa ba ya sanin ƙaya ta shige shi ko ƙotar fartanya ta sale masa tafi sai ya ga jini, kuma irin waɗannan raunukan ne ke cinye yatsu a hankali, ko bayan an warke daga cutar kanta. Takalmi mai taushin ciki, safar hannu, da ɗabi'ar duba ƙafa kowane dare suna hana yawancin wannan.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar motsa jiki da ta ambaci naƙasassu a karon farko. Ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa a kwana biyar ya kai mutum ƙaramin ma'aunin, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, yaro kuma awa guda a yini. Ta ƙara da cewa kaɗan ya fi babu, wanda kakanninmu suka riga ta faɗa da suka ce motsi ya fi laɓewa. Babu injin da ake buƙata a nan. Robar tsohon tayar keke da aka ɗaure a turke ta isa ƙarfafa kafaɗa da baya. Gora biyu da aka kafa a tsakar gida sun isa mai shanyewar ɓarin jiki ya koyi tako. Igiyar da aka ja daga ƙofar gida zuwa masallaci ta isa makaho ya yi tafiyarsa ba ɗan jagora. Abin da babu shi ne mai koyarwa.

Kuma ba baƙon abu nake roƙo ba. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya, wadda yau ake gasarta tsakanin jihohi, musamman a kewayen 24 ga Oktoba, ranar yaƙi da shan inna, Bakano ne ya ƙirƙiro ta a 1988, Misbahu Lawan Didi, wanda shi kansa shan inna ta taɓa. A wasannin Landan na 2012 'yan wasanmu masu cikakkun gaɓoɓi sun dawo hannu rabbana, naƙasassu suka kawo lambobi 13, shida na zinare. A Faris a 2024 aka maimaita: waɗancan babu ko ɗaya, waɗannan 7. Ban kawo wannan don a mayar da kowane gurgu ɗan gasa ba. Na kawo shi ne saboda na ga abin da fili da ƙwallo ke yi wa saurayin da ya saba a jefa masa naira hamsin ba a dubi idonsa ba. Wanda ke da wasa ranar Asabar yana da dalilin ƙin ƙwaya ranar Juma'a. Addininmu ma bai zaunar da kowa ba: Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, shi ke kiran salla, kuma an sha bar masa riƙon Madina, Amru ɗan Jamuhu da ɗingishinsa ya fita Uhudu. Idan limamanmu suka faɗi wannan a huɗuba, uban da ya ɓoye 'yarsa zai ji.

Ranka ya daɗe, na san abin da ke gabanka. Na san tsaro ya cinye kuɗi da barci, kuma mutumin da ke tsoron kwana a gidansa ba zancen motsa jiki ne ya dame shi ba. Shi ya sa ban roƙi sabon gini ba. Jiharmu tana da mazaɓu 361, kuma aikin gyara ƙananan asibitocinsu yana hannunka. A kowane asibitin da za a taɓa, a yi gangara a ƙofa, a faɗaɗa ƙofar ban-ɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ɗan jiharmu tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su yi hakan, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Na taɓa taimakawa aka ɗauki wani dattijo da kekensa aka haura matakala a wani asibiti, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya riƙa ba mu haƙuri.

Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne ma'aikacin gashin ƙashi mai zagaye. Manyanmu suna tuna shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, lokacin da malamin gona ke hawa babur ya bi ƙauye-ƙauye yana koya wa manomi tazarar shuka da sa taki. Haka nake so a yi wa jiki. A ɗauki ƙwararrun masu gashi a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi, a ba su abin hawa, su horar da ma'aikatan lafiya na mazaɓu, su kuma su shiga gidaje su koya wa uwa yadda za ta miƙe wa ɗanta gwiwa, su koya wa mata yadda za ta juya mijinta duk bayan awa biyu, su auna hawan jini, su duba gyambo tun yana ja bai buɗe ba. Mata ma'aikata su fi yawa a ciki, domin rabin waɗanda ake nema suna bayan zaure, inda namiji ba ya wucewa. Kafin nan a san yawansu. A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da Liverpool sun zauna a Malumfashi suna bin ƙauyuka suna ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji, har sunan garin ya shiga littattafan likitancin duniya. Abin da aka iya a wancan zamanin da fensir da kati, ba zai gagara yau da wayar hannu ba. Duk wanda aka ƙirga a sa shi a inshorar lafiya ta jiha, wato KATCHMA, domin awon jini da maganin ciwo na ƙwarai su fi masa ledar kemis sauƙi.

Game da kekuna, ina roƙon a rage bikin rabo. Keken asibiti da ake shigowa da shi daga waje don siminti aka yi shi. A yashi da lakar Karaduwa ba ya shekara, kuma idan bai yi daidai da jikin mai shi ba, ko babu matashi mai kyau, shi da kansa ke jawo gyambo da karkacewar baya. A Kano guragu ne da kansu suka kafa ƙungiya suke ƙera keken hannu mai ƙafa uku. Muna da masu walda a Funtuwa da Malumfashi da za su koya cikin 'yan watanni. A auna mutum kafin a ba shi, kuma a samu rumfar gyara a kowace ƙaramar hukuma, wadda naƙasassun ne za su riƙe ta.

Makarantar kurame ta Malumfashi tana yaye ɗalibai masu iya maganar hannu da rubutu. A ɗauki wasunsu aiki a matsayin tafintoci a asibitoci, kuma a ba su su shirya faɗakarwar ƙwaya da taba da cututtukan zamani a bidiyon da zai yawo a waya, domin su suka san yadda 'yan'uwansu ke fahimta. Filayen ƙwallon makarantu da na gari a ware musu yammaci biyu a mako, a daidaita wani ɓangare da siminti saboda masu allo, a sayo ƙwallo mai ƙararrawa saboda makafi, a ware lokacin mata daban a cikin katanga. Kuma kada a tsara komai a ofis a Katsina sannan a aiko. Al'adarmu ta riga ta ba su shugabanci: akwai sarkin makafi, sarkin guragu, sarkin kutare, ga ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD, ga Sarkin Maska a Funtuwa da Galadiman Katsina a Malumfashi da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. A kira su tun a zaman farko, a tambaye su me ke hana su shan ruwa, me ke kai su kemis.

Roƙona na ƙarshe shi ne a rubuta wannan aiki da sunansa a kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya na shekara mai zuwa, a fara da Funtuwa da Malumfashi, kuma ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, kwamishina ya fito ya karanta mana gidaje nawa aka shiga, mutum nawa aka auna wa jini, asibiti nawa aka yi wa gangara.

Allah Ya ba ka ikon yi, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam,
Wani talakanka daga Funtuwa